ABBA a kan dandamali: faifan 1986 ko na Wembley, wanne ya kamata ka saya?

Ɗan yayana da ke karatu a Ingila ne ya kira ni wata ranar Asabar da yamma, yana tsaye cikin wani shagon tsofaffin faya-fayai. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Baffa, ga faifan ABBA guda biyu a gabana, duka na wasan kai-tsaye ne. Ɗaya an rubuta 1986, ɗayan kuma Wembley. Kuɗin hannuna ba za su sayi biyu ba. Wanne zan riƙo wa Baba?"

Ya san wanda zai tambaya. Mahaifinsa, wato yayana, shi ya koya mini jin waɗannan mawaƙa tun ina ƙarami. Yana makarantar horon malamai a lokacin, yana da wata rediyo mai kaset da yake ji da ita kamar ƙwai, in batir ya yi sanyi sai ya zare kaset ɗin ya zura biro a ramin ya riƙa juyawa da hannu don kada mayar da zaren baya ya cinye masa wuta. Ni ne ɗan aiken sayo batir, ladana kuwa a bar ni in zauna a bakin tabarma in saurara. Tun daga wancan zamani ban rabu da waƙoƙin ba, kuma faya-fayan nan biyu da yaron ke tambaya na ji su har ba na iya ƙirgawa. Na ba shi amsa a waya cikin minti biyu, amma maganar ta fi minti biyu, domin shekara da shekaru masoyan ABBA suna ja-in-ja a kanta.

Ga wanda bai san su ba, mutum huɗu ne 'yan ƙasar Suwidin: mata biyu, Agnetha Fältskog da Anni-Frid Lyngstad wadda ake kira Frida, da maza biyu, Björn Ulvaeus da Benny Andersson. Harafin farko na sunayensu aka harhaɗa ya ba da ABBA. Duniya ta san su ne a 1974, da suka ci gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, a garin Brighton na Ingila da waƙar "Waterloo", suka yi tashe har zuwa 1982 da suka dakata.

Abin da ya sa batun faifan kai-tsaye ya zama abin muhawara a wajensu shi ne, ABBA 'yan sutudiyo ne tun asali. Ƙarfinsu yana cikin ɗaki, inda injiniyansu Michael B. Tretow ke ɗaukar murya ya ɗora a kan murya, ya ɗauki kiɗa sau biyu ya haɗe, har mata biyu su koma kamar taron 'yan amshi. Benny da Björn ba su taɓa ɓoye cewa zama su tsara waƙa ya fi musu daɗi a kan yawon gari-gari ba, Agnetha kuma ba ta son shiga jirgin sama. Shi ya sa rangadinsu bai da yawa: Turai a 1974 zuwa 1975, Turai da Ostireliya a 1977, Arewacin Amurka da Turai a 1979, sai Japan a watan Maris na 1980. Daga nan ba su sake ba. Abin da aka ɗauka a waɗannan 'yan tafiye-tafiye da wasannin talabijin shi ne duka jarin da ake da shi, kuma daga cikinsa aka fitar da faya-fayan biyu.

Na farko, mai suna ABBA Live, kamfaninsu Polar ne ya fitar da shi a 1986, shekara huɗu bayan kowa ya kama gabansa. Ba wasa ɗaya ba ne. Tsince-tsince ne daga wurare uku: mafi yawa daga wasannin Wembley na watan Nuwamba 1979, sai "Fernando" da "Money, Money, Money" daga Ostireliya a 1977, sai kuma wasu daga wani shirin talabijin da suka yi a Sitokholm a 1981 tare da ɗan Amurkan nan mai gabatar da shirye-shirye, Dick Cavett. Tretow ne ya ɗinke su wuri ɗaya, ya haɗa su da tafi da sowa yadda mai sauraro zai ji kamar dare ɗaya ne.

Da a nan ya tsaya, da ƙorafin bai yi yawa ba. Sai dai 1986 zamanin gangar inji ne, kowace waƙa a gidajen rediyon Turai tana tafe da wannan bugu mai ƙarfi, mai amsa-kuwwa. Sai aka ɗauki kiɗan 1977 da na 1979 aka ɗora masa irin wannan ganga don ya dace da yayi. Wannan shi ne babban laifin da masoya suke ɗora wa faifan har gobe, kuma ina tare da su. Ranar da na fara jin "Dancing Queen" a cikinsa, abin da ya fara dukan kunnena ba fiyanon Benny ba ne, ba muryar matan ba ce, wani "tas! tas!" ne mai kauri kamar ana buga murfin durom a ɗakin da ba kaya. Makaɗin gangarsu, Ola Brunkert, mutum ne mai taushin hannu, bugunsa yana tafiya ƙarƙashin waƙa yana tallafe ta. A wannan faifai an danne shi. Kamar ka ɗauki tsohuwar rigar saƙi ka liƙa mata maɓallan roba masu ƙyalli ne. Rigar tana nan, amma idonka ba ya barin maɓallan.

Akwai kuma yanke-yanke. An gajarta wasu waƙoƙin, an haɗe "The Name of the Game" da "Eagle" suka zama abu ɗaya, an kwashe yawancin hirar da mawaƙan ke yi da jama'a tsakanin waƙa da waƙa. Kunne mai lura zai ji ɗinkin: yanzu kana cikin ƙaton zaure mai amsa murya, jim kaɗan ka tsinci kanka a ɗakin talabijin mai 'yan kallo kaɗan, sannan a jefa ka filin Ostireliya, duk ba sallama.

To amma ba zan yi wa faifan rashin adalci ba, domin masu kare shi suna da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Shi kaɗai ne cikin biyun yake ɗauke da wani abu daga bayan 1979. "Super Trouper" da "On and On and On" na kundin 1980 ne, ABBA ba su taɓa fita rangadi da su ba, don haka wasan talabijin na 1981 yana cikin wurare ƙalilan da za ka ji su ana rerawa a gaban jama'a. "Two for the Price of One" kuwa, wadda Björn ke jan baƙinta, sun rera ta a shirin ne tun kafin kundin The Visitors ya fito a ƙarshen wannan shekara. Wato mutanen da ke zaune a ɗakin suna jin waƙar da ba su taɓa ji ba. Haka nan waƙoƙin Ostireliya biyu. Duk wanda ya kalli fim ɗin da Lasse Hallström ya ɗauka lokacin rangadin 1977 ya san irin haukan da ƙasar ta yi a kansu, yadda aka buɗe wasan farko a Sydney ana tsuga ruwan sama jama'a ba su watse ba. "Fernando" ta yi makonni 14 a saman jerin waƙoƙin ƙasar. Jin ta daga bakin Frida a gaban waɗannan mutane wani abu ne daban, ko da an ɓata mata ganga.

Akwai wasu kuma da ke son faifan 1986 saboda dalilin da ba shi da alaƙa da ingancin sauti: shi suka fara mallaka. Shekara 28 shi ne kaɗai kundin kai-tsaye na ABBA da kamfani ya fitar. Wanda ya tashi da shi, ya haddace inda tafi ke shigowa da inda waƙa ke yankewa, ba za ka raba shi da shi da hujjar ganga ba. Ban raina wannan dalili ba. Ni ma akwai kaset ɗin da zarensa ya taɓa tsinkewa yayana ya liƙe da man farce, har yau in na ji waƙar a waya sai kunnena ya jira wannan 'yar tsallen a daidai wurin.

Na biyu, Live at Wembley Arena, ya fito ne a watan Satumba na 2014, shekarar da aka cika 40 da cin gasar Eurovision. Kafin in ci gaba, masu kallon ƙwallo kada su ɗauka filin Wembley da ake buga wasan ƙarshe ne. Wannan rufaffen zaure ne da ke kusa da filin, an gina shi tun 1934 da sunan Empire Pool, daga baya aka sauya masa suna. ABBA sun yi dare shida a jere a cikinsa, daga 5 zuwa 10 ga Nuwamba 1979, kuma daren ƙarshe, na ranar 10, shi aka fitar. Ludvig Andersson, ɗan Benny, shi ya zauna ya saurari abin da aka ɗauka ya shirya kundin. CD biyu ne, ko faifan garmaho uku, waƙa 25, kusan awa biyu.

Bambancin yana bayyana tun daga daƙiƙar farko. Ba da wata shahararriyar waƙa aka buɗe ba. Wani tsohon taken ƙauyen Suwidin ne mai suna "Gammal fäbodpsalm" yake fitowa a hankali daga kayan kiɗan Benny, mai sanyi, mai kama da kiran makiyayi daga nesa, jama'a suna ta guna-guni suna jira. Sai kawai "Voulez-Vous" ta fashe, zauren ya ɗauka. Wannan jira da wannan fashewa su ne abin da faifan 1986 ba shi da su, domin ba a tsince su daga wurare uku. Sai dai a bar dare ya tafi da kansa.

Mu nan mun san wannan bambanci ko ba a faɗa mana ba. Duk wanda ya taɓa jin makaɗin kalangu a ɗakin ɗaukar murya, sannan ya ji kaset ɗinsa da aka ɗauka a gidan biki, da muryar maroƙi tana ratsawa, da guɗar mata, da inda makaɗin ya tsaya ya gaida wani babba da ya shigo, ya san cewa na biyun bai kai na farko tsabta ba amma ya fi shi rai. Wanda zai goge muryar maroƙin ya ƙara ganga daga baya, bai gyara kaset ɗin ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Wembley shi ne nauyin kiɗan. Wanda ya san ABBA a rediyo kawai zai ɗauka masu laushi ne. A kan dandamali jita biyu ne, Lasse Wellander da Mats Ronander, ga Rutger Gunnarsson a jita mai kauri, ga Brunkert a ganga, ga Anders Eljas yana taya Benny, ga 'yan amshi a baya. "Does Your Mother Know" da "Hole in Your Soul" suna zuwa da zafi da gudu, jita tana kuka, har ka manta mutanen "Chiquitita" ne. "Summer Night City" kuma, wadda su kansu ba su gamsu da yadda ta fito a sutudiyo ba, a nan ta samu doguwar shimfiɗa mai sanyi kafin ta ɓarke, kuma masoya da yawa sun fi son wannan siga a kan ta asali. Ina cikinsu.

Sai kuma waƙar da ta sa wasu suka sayi kundin ba su ko duba sauran ba: "I'm Still Alive". Agnetha ce ta tsara kiɗanta, ta zauna a gaban fiyano ta rera ta a wannan rangadi, ba a taɓa sa ta a wani kundin ABBA ba, sai a 2014 ta fito a hukumance. A farkon 1979 aka sanar da rabuwar aurenta da Björn, ga su kuma a dandamali ɗaya kowane dare, ga 'ya'ya ƙanana biyu a tsakaninsu. A cikin wannan tafiya ce jirginsu ya shiga mummunar guguwa tsakanin New York da Boston, har aka soke wasan Washington. In ka san wannan, ka ji yadda zauren ya yi tsit tana rerawa, sai jikinka ya yi sanyi. Ba waƙar da ta fi kowace kyau ba ce a cikin waƙoƙinsu, amma babu inda na ji Agnetha kusa da ni kamar nan.

Kusa da ƙarshe akwai "The Way Old Friends Do", su huɗu a tsaye gaban dandamali, Benny da akodiyon a ƙirji. Wanda ke da kundin Super Trouper ya riga ya san ta, domin sigar da ke rufe wancan kundi ma a Wembley aka ɗauke ta. Amma jin ta a mazauninta, bayan awa ɗaya da rabi na gumi, kafin a dawo da "Dancing Queen" da "Waterloo" a tashi, ya sha bamban da jin ta ita kaɗai. Haka "I Have a Dream", da ayarin yara da ake kawowa su yi amshi a kowane gari. Muryoyinsu ba su daidaita sarai ba, wani ya riga wani shiga, kuma an bar shi haka.

Shi ma yana da nasa masu ƙorafi. Na farko, ana kiransa cikakken wasa amma an cire waƙa ɗaya, "Not Bad at All", wadda Tomas Ledin, ɗaya daga cikin 'yan amshi, yake rerawa a tsakiyar wasa. Masu bin diddigi sun ji haushi. Ni ban damu sosai ba, waƙarsa ce ba tasu ba, amma na fahimci mai cewa in za a ba ni dare a ba ni shi duka. Na biyu, babu hoto. An ɗauki wasannin Wembley a fim, gidan talabijin na Suwidin ya fitar da shiri daga ciki wanda bai kai awa guda ba, masoya kuma sun so a ce 2014 ta zo musu da cikakken bidiyo. Bai zo ba. Na uku shi ne wanda ya kamata mai saye ya auna da kyau: muryoyin ba su da wannan kauri na sutudiyo. "SOS" da "Knowing Me, Knowing You" a nan sun fi siranta, wani wuri numfashi yana fita, wani wuri gudun kiɗa ya ɗan wuce yadda ka saba. Wanda kunnensa ya ginu a kan sautin kaset zai iya jin kamar an rage masa wani abu. Ba a rage ba, haka mutum huɗu da makaɗansu suke in babu injin ninka murya. Sai dai ba kowa ke son jin haka ba, kuma ba laifi ba ne.

Wani abu da ke ba sababbin masu saye haushi, kuma ya shafi duka biyun: babu "Mamma Mia" a ko ɗaya, babu "The Winner Takes It All". Ta farko ba ta cikin jerin daren Wembley, ta biyu kuwa ba a ma rubuta ta ba sai 1980. Don haka in abin da kake so shi ne manyan waƙoƙin da kowa ya sani, a jere, da sautin da ka saba, don tuƙi ko don aikin gida, kada ka wahalar da kanka da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Nemi ABBA Gold na 1992, shi aka yi domin wannan buƙata. Na sha ganin wanda ya sayi faifan kai-tsaye da wannan niyya ya dawo yana cewa an cuce shi.

In kuwa ka riga ka san waƙoƙin, kana son ka ji yadda mutanen suke in sun tsaya gaban jama'a ba inda za su ɓuya, Wembley ne, ba na ko tantama. Ya fi tsawo nesa ba kusa ba, ya fi gaskiya, kuma yana ɗauke da waƙoƙin da ba a cika jin su ba irin su "If It Wasn't for the Nights" da "As Good as New" da "Why Did It Have to Be Me", da kiɗan Benny zalla na "Intermezzo No. 1". Yawancin abin da ke cikin faifan 1986 daga waɗannan darare shida aka ɗebo shi, don haka mai Wembley ya riga ya mallaki irinsa ba tare da gangar inji ba. Abin da zai rasa 'yan waƙoƙin 1977 da 1981 ne kawai.

Faifan 1986 na mai tarawa ne, wanda ya riga ya mallaki Wembley yana neman cike giɓi. Shi ma in zai saya, ya duba da kyau. Na garmaho waƙa 11 ne, na CD 14, kuma ukun da aka ƙara su ne "Money, Money, Money" da haɗin "The Name of the Game" da "Eagle" da kuma "On and On and On". Wato biyu daga cikin waƙoƙin da suka sa faifan ya cancanci nema ba sa kan na garmaho. Na taɓa sayen kaset ɗinsa a wajen wani mai tebur a kasuwa, bangon ya jera waƙa 14, na kai gida na tarar da 11, ta ƙarshen ma ta yanke a tsakiya saboda zare ya ƙare. Tun daga ranar nake cewa a sa mini in ji kafin in biya. A yau da ake iya sauraro ta intanet abin ya zo da sauƙi: ka ji "Dancing Queen" a wannan, ka ji ta a wancan, minti goma ya ishi kunnenka ya yanke hukunci.

Abin da na gaya wa yaron a waya ke nan a taƙaice. Na ce, "Ɗauko na Wembley, ka buɗe ka tabbata CD biyu ne a ciki, kada a ba ka ɗaya." Ya ce, "Baffa, ya fi ɗayan tsada fa." Na ce ya ɗauko, in ya dawo zan cika masa.

Da ya zo hutu muka haɗu a gidan yayana bayan sallar isha'i. Yaya ya yi ritaya yanzu, gashi ya yi fari, ji ma ya ɗan ragu, sai da aka matso masa da lasifika kusa da kujera. Ya juya bangon yana karanta sunayen waƙoƙin da tabarau a kan hanci, ya ce rabinsu bai san su ba. Da taken farko ya fara, mai sanyin nan, ya dube ni ya ce, "Anya su ne kuwa?" Na ce ya dakata. Da "Voulez-Vous" ta shigo sai ya ajiye bangon a kan cinya, bai sake magana ba har CD na farko ya ƙare a kan "Fernando". Matarsa ta leƙo ta ce dare ya yi, a bar sauran sai gobe. Ya ce wa ɗansa, "Sa na biyun."